Shawarwari Bakwai Ga Iyaye Kirista Kan Koya Wa Yara Alherin Allah Da Adalcinsa

A gidajen Kirista na Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, malamin makarantar Lahadi awa ɗaya ko biyu yake samun yaro a mako. Sauran lokacin duk na tsakar gida ne da gona da kasuwa, kuma gani ya kori ji.

1. Bayan tuwon dare a shimfiɗa tabarma, ko na minti goma ne. Kowane yaro ya faɗi alheri ɗaya da Allah ya yi masa yau, ko da haihuwar akuya ce. A rufe da Addu'ar Ubangiji ta Matiyu sura 6, har ƙanana su haddace ta.

2. A yi karatu da Hausa. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da harshenmu. A miƙa wa yaron da ya iya karatu, kaka ta saurara ta ƙara bayani. Labari ɗaya ya isa dare guda, sai a tambaya: "Wa ya yi daidai a nan? Don me?"

3. A yi wa'azi da gona. Ranar ruwan shuka a nuna wa yaro cewa ruwan da ya jiƙa gonarku shi ya jiƙa ta maƙwabci, Allah bai tambayi halin kowa ba. Ranar godiyar kaka kuwa, a bar shi ya ɗauki kwanon masara da kansa zuwa coci. In an girbe, a bar kala domin gwauruwa da maraya, a ba shi labarin Rut a gonar Bo'aza.

4. A kula da mudu. Yaron da ya raka babansa kasuwar Kwanar Ɗangora yana kallon hannun baban lokacin awo. In ya ga an tauye mudu ko an cuɗa shinkafa da tsakuwa, wa'azin shekara guda ba zai goge abin ba. Karin Magana sura 11 ta soma ne da zancen ma'auni. A karanta masa daren jajibirin kasuwa.

5. Kada a yi hukunci sai an ji ta bakin kowa. In yara biyu sun yi faɗa, a saurari ƙarami, a saurari babba. Wanda ya ɗauki abin wani ya mayar masa da shi da hannunsa, kamar Zakka na Luka sura 19 da ya yi alkawarin biya ninki huɗu. Da ya nemi gafara, magana ta mutu, ban da gori. Uwar da ta daki yaro bisa kuskure ta ce masa, "Yi haƙuri, ɗana, ban bincika ba." Girmanta ba zai ragu ba.

6. A aike su da kwano. Ranar Kirsimeti yara su kai abinci gidajen maƙwabta Musulmi, ranar Sallah su je yi musu barka cikin ladabi. Basamariyen Luka sura 10 bai tambayi garin su mai rauni ba kafin ya ɗaure masa miki.

7. Ranar wahala a faɗi gaskiya. Akwai shekarar da ruwa zai ɗauke masara na goyo, akwai ranar da za a dawo daga maƙabarta yaro ya ce, "Baba, ina alherin Allah yake?" Kada a tsawata masa, kada kuma a ƙaga amsa. A ce, "Ni ma ban san dalili ba, amma na san wanda muke bi." A ba shi labarin Yusufu, wanda ya sha rijiya da kurkuku kafin ya ciyar da 'yan'uwan da suka sayar da shi. Daren nan ma a shimfiɗa tabarma kamar kullum, ko da addu'ar za ta fito da hawaye.