Sirrin Majiyyaci Amana Ne

Idan kun je dubiya asibiti, kada ku buɗe katin majiyyaci. Kada ku ɗauki hotonsa a gado ku watsa a WhatsApp da sunan neman addu'a, sai da yardarsa. Labarin cuta irin ƙanjamau ko taɓin hankali in ya shiga gari, yakan kashe aure, ya raba mutum da sana'arsa.

Dokar Lafiya ta Nijeriya ta 2014 ta hana ma'aikatan lafiya bayyana ciwon mutum, sai da izininsa a rubuce, ko umarnin kotu, ko idan ɓoyewar barazana ce ga lafiyar jama'a. Don haka ku daina matsa wa nas da tambaya. Abin da majiyyaci ya faɗa muku da bakinsa kuwa, ku riƙe shi amana.