Darasi Na 14: Ƙasar Da Muke Takawa Tafiya Take Yi

Duk mai sauraron rediyo ya sha jin labarin girgizar ƙasa. Ranar 6 ga Fabrairu 2023 an yi wata a Turkiyya da Siriya, ta kashe mutum sama da 50,000. Bayan wata bakwai aka yi wata a Maroko. Kafin nan an yi a Japan a 2011, an yi a Indonesiya a 2004. In ka lura da kyau, kusan wurare ɗaya ne ake ta maimaitawa. Amma a Kano ko Katsina ko Damagaram, mutum kan tsufa har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa jin ƙasa ta motsa ba. Me ya kawo wannan bambanci? Amsar tana ƙarƙashin ƙafarmu.

Abin da ke cikin ƙasa

Mai haƙar rijiya yakan yi gaba goma ko ashirin ya tarar da ruwa. Injin burtsatse ya fi shi nisa. Rami mafi zurfi da ɗan'adam ya taɓa haƙawa yana yankin Kola a ƙasar Rasha. An fara shi a 1970, aka kai kilomita 12 da 'yan kai a 1989. Amma daga inda kake tsaye zuwa tsakiyar duniya kusan kilomita 6,370 ne. Ke nan ko ɓawon duniya ba a huda ba.

To yaya aka san abin da ke ciki? Idan aka yi girgizar ƙasa, motsinta yakan ratsa cikin duniya ya ɓullo a wani gefen. Akwai na'urori a ƙasashe da yawa masu rubuta wannan motsi. Daga saurinsa da yadda yake karkacewa, masana suka gane cewa duniya hawa uku ce.

Hawa na farko shi ne ɓawo. A kansa muke noma da gini. A ƙarƙashin teku kaurinsa bai fi kilomita 5 zuwa 10 ba, a kan tudu kuwa yakan kai 30 zuwa 50. Hawa na biyu dutse ne mai tsananin zafi, zurfinsa ya kai kilomita 2,900. Ba ruwa ba ne, amma zafi ya tausasa shi, yana jan jiki sannu a hankali. Hawa na uku shi ne cibiya. Akasarinta ƙarfe ne, zafinta ya haura digiri 5,000.

Ɓawon a tsage yake

Ka tuna yadda tafki yake idan rani ya yi nisa. Lakar sama ta bushe ta tsattsage gutsi-gutsi, ta ƙasa kuma da sauran laushinta. In ka taka gefen guda ɗaya sai ya nutsa, na kusa da shi ya ɗaga. Haka bayan duniya yake. Ya tsage zuwa manyan gutsattsari da ake kira faya-fayan ƙasa. Manyansu bakwai ne, akwai kuma ƙanana da dama. Kaurin kowane faifai ya kai kimanin kilomita 100, yana zaune a kan dutsen nan mai laushi.

Nijeriya da Nijar da Gana da Kamaru da Chadi da Sudan duk a kan faifai ɗaya suke, wato faifan Afirka. Bai tsaya a bakin teku ba, ya zarce har tsakiyar Tekun Atlantika.

Faya-fayan nan tafiya suke yi. Zafin ciki yana sa dutse mai laushi ya taso, wanda ya huce ya nutse. Gefen faifan da ya tsufa ya yi nauyi shi ma yakan nutse, ya ja sauran a bayansa. Tafiyar ba ta da yawa, santimita 2 zuwa 10 ce a shekara. Afirka da Kudancin Amurka suna nesanta da juna kimanin santimita 3 kowace shekara. A rayuwar mai shekara 70, tazarar ta ƙaru da mita 2 ke nan. A shekara miliyan ɗaya kuwa, kilomita 30. Yanzu ana auna wannan tafiya kai-tsaye da tauraron ɗan'adam.

Mutumin da aka yi wa dariya

A shekarar 1912 wani Bajamushe masanin yanayi mai suna Alfred Wegener ya ce nahiyoyin duniya a dā dunƙule suke wuri ɗaya, daga baya suka rabu. Ya fitar da littafi a kan haka a 1915. Hujjarsa ta farko a taswira take. Ƙusumbin Brazil ya yi daidai da lungun da gaɓar Afirka ta Yamma ta yi wajen Nijeriya da Kamaru. Hujja ta biyu, duwatsun gaɓa biyun iri ɗaya ne. Ta uku, an tono ƙasusuwan wata ƙaramar dabba mai rarrafe a kudancin Afirka da kuma Brazil, alhali ba za ta iya ƙetare babbar teku da iyo ba.

Yawancin masanan zamaninsa sun ƙi yarda, domin bai iya nuna ƙarfin da zai tura nahiya guda ba. Ya mutu a ƙanƙarar Girinlan a 1930 ba tare da an gaskata shi ba.

Gaskiya ta yi halinta bayan Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da jiragen ruwa suka shiga auna zurfin teku. Wata Ba'amurkiya, Marie Tharp, ta tattara awon ta zana taswirar ƙarƙashin Atlantika. Sai ga jerin tsaunuka a tsakiyar tekun daga arewa har kudu, da tsaga a tsakaninsu. Da aka gwada shekarun duwatsun, sai aka ga na bakin tsagar sababbi ne, kuma duk nisan da aka yi da ita, duwatsun ƙara tsufa suke. Ashe a nan ake ƙera sabon ɓawo, tsohon yana matsawa gabas da yamma. Kafin 1970 maganar ta samu karɓuwa.

Akwai irin wannan shaida a Nijar. A Gadufawa, cikin hamadar jihar Agadas, an tono ƙasusuwan wani ƙaton kada mai tsawon mita 9 ko fiye, wanda ya rayu shekara sama da miliyan 100 da suka wuce. An samu ɗan'uwansa a Brazil. Kadan kogi ne. A zamanin kakanninsa babu teku tsakanin wuraren biyu.

Abu uku da ke faruwa a kan iyaka

Galibi tsakiyar faifai lafiya lau take. Rigimar a bakin iyaka ce, inda faifai ya haɗu da faifai.

Na farko, rabuwa. Faifai biyu su ja da baya, ƙasa ta tsage, narkakken dutse ya taso ya cike gurbin. Alhazan da ke ƙetare Bahar Maliya zuwa Jidda suna wucewa ta saman irin wannan tsaga. A dā ƙasar Larabawa a manne take da Sudan da Masar, yanzu tana janyewa kimanin santimita 1 a shekara. Baƙaƙen duwatsun da ke kewayen Madina narkakken dutse ne da ya daskare, kuma a shekarar 1256, wato 654 bayan Hijira, wuta ta fito daga ƙasa kusa da birnin. Gabashin Afirka ma tsagewa yake yi. A 2005 ƙasa ta buɗe a yankin Afar na Habasha, tsawon kilomita 60, cikin 'yan makonni.

Na biyu, karo. Idan faifan teku ya yi karo da na tudu, na tekun ya fi nauyi, sai ya kutsa ƙarƙashi. Can ciki dutse ya narke ya ɓullo sama. Shi ya sa Japan da Indonesiya da Chile suke fama da duwatsu masu aman wuta da manyan girgizar ƙasa. Idan kuma tudu ne ya haɗu da tudu, babu mai nutsewa, sai ƙasar ta tattare ta yi sama. Indiya ta yi karo da Asiya kimanin shekara miliyan 50 da suka wuce, tsaunukan Himalaya suka tashi. Dutsen Everest tsayinsa mita 8,849, amma a ƙoƙuwarsa akwai burbushin halittun teku.

Na uku, gogayya. Faifai biyu su riƙa wuce juna gefe da gefe. Bakinsu ba sumul yake ba, saboda haka sukan sarƙe. Ƙarfi ya yi ta taruwa shekara ɗari ko ɗari biyu, rana ɗaya dutsen ya ɓalle, tafiyar shekaru ta auku cikin daƙiƙoƙi. Abin da ya faru a Turkiyya ke nan. A wurin karo ma akan sami irin wannan ɓallewa, kuma idan ta ɗaga ƙasan teku, ruwa yakan taso ya afka wa gaɓa. Ambaliyar 26 ga Disamba 2004 ta fara daga Indonesiya, ta kai har Somaliya, ta ci rayuka sama da 200,000.

Alamun da ke ƙasarmu

Muna tsakiyar faifai, nesa da iyaka. Wannan shi ne dalilin zaman lafiyarmu. Amma ba kullum aka kasance haka ba.

Lokacin da Kudancin Amurka take ɓallewa daga Afirka, tsagar ta yi reshe ta nufo arewa maso gabas, ta cikin Nijeriya. Reshen bai ƙarasa ba, ya tsaya. Shi ne kwarin da kogin Binuwai yake bi a yau. Teku ta shigo cikinsa ta daɗe, ta bar laka da ɓawon halittun ruwa, suka taurare suka zama dutsen da ake yin siminti da shi a Ashaka ta jihar Gombe. Dutsen siminti na Kalambaina a Sakkwato shi ma a ƙarƙashin wata tsohuwar teku ya samu. Kuzar da ake haƙa a Jos kuwa narkakken dutse ne ya taso da ita daga can ciki.

A tudun Biyu ta jihar Borno akwai duwatsun da suka taɓa aman wuta, suka mutu. Dutsen Kamaru da ransa, ya yi aman wuta a 1999 da 2000. A daren 21 ga Agusta 1986, tafkin Nyos na ƙasar Kamaru, wanda ke cikin bakin wani tsohon dutse mai aman wuta, ya saki wata iska mai nauyi marar launi. Ta gangara kwari ta shaƙe mutum sama da 1,700 da dabbobi dubbai, da yawansu suna barci. Yanzu an kafa bututu a tafkin yana fitar da iskar kaɗan-kaɗan.

Ƙananan girgiza ma sukan zo. An ji a Kwoi ta jihar Kaduna a 2016, an ji a Mpape ta Abuja a 2018. A Accra, babban birnin Gana, an yi mai ƙarfi a 1939 wadda ta rushe gidaje ta kashe mutane.

Ƙarfin ciki yana ɗaga ƙasa, ruwa da iska da rana kuma suna sassaƙe ta. Dutsen Kufena na Zariya da na Kwatarkwashi da na Zuma duk a ƙarƙashin ƙasa suka daskare. Zaizaya ce ta kwashe abin da ya rufe su, suka bayyana. Aikin da ruwan sama yake yi wa gonar da ba ta da itace ko ciyawa, har kwazazzabo ya cinye ta, shi ne dai wannan, sai dai na gona cikin damina kaɗan ake ganinsa.

Abin da ya kamata ka riƙe

Masana sun san wuraren da girgizar ƙasa ta fi aukuwa, amma babu wanda zai iya faɗin rana ko sa'a. In aka turo maka saƙo a waya cewa gobe da asuba za a yi girgizar ƙasa, ƙarya ce, kada ka tura wa wani.

Mutanenmu suna zuwa Turkiyya da Sin da Indiya fatauci ko karatu ko neman magani. In ƙasa ta motsa kana cikin ɗaki, durƙusa, ka shiga ƙarƙashin tebur mai ƙarfi, ka kare kanka da wuyanka har ta lafa. Kada ka shiga lif. In a waje kake, nisanci bango da turakun lantarki. In a bakin teku kake ka ji girgiza mai ƙarfi, ko ka ga ruwa ya janye da baya nan take, ka gudu kan tudu, kada ka tsaya kallo.

Yawancin masu mutuwa a girgizar ƙasa gini ne yake faɗo musu. Mai gina bene ya haƙa tushe mai kyau, ya sa rodi isasshe, kada ya yi ƙwauron siminti. Wannan zai amfane shi ko da ƙasa ba ta taɓa motsawa ba.

Tambayoyi

1. Hawa nawa duniya take da shi? Faɗi sunan wanda muke zaune a kansa.
2. Waɗanne hujjoji uku Alfred Wegener ya kawo?
3. Me ya sa girgizar ƙasa ta yi yawa a Japan, ta yi ƙaranci a ƙasar Hausa?
4. Yaya kwarin Binuwai ya samu?
5. Idan Bahar Maliya tana faɗaɗa santimita 1 a shekara, mita nawa za ta ƙara a shekara 500?

Aiki

Ku samo taswirar duniya. Ku ɗora farar takarda a kai, ku zana Afirka da Kudancin Amurka, ku yanke su da almakashi. Ku matso da su kusa har su haɗu. Kowa ya rubuta jimla uku a kan abin da ya gani, ya karanta wa aji.