Kwatancin Tsari da Tattalin Sani: Nazari a kan Kasuwar Singa

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa ba a fahimtar tsari mai sarƙaƙiya da lissafi kaɗai, sai an gwama shi da sanin mutanen da ke cikinsa. Tsari mai sarƙaƙiya shi ne wanda sassansa suke da yawa, kuma motsin kowane sashe yake taɓa sauran, sannan ya dawo ya taɓa shi kansa. An ɗauki Kasuwar Singa ta ƙaramar hukumar Fagge, maƙwabciyar Kasuwar Sabon Gari a Kano, domin ta zama misali. A nan ne ake sarin kayan masarufi irin su shinkafa da sukari da fulawa da taliya da man girki, kuma masu sari sukan zo har daga Nijar da Chadi da Kamaru.

2.0 Kwatancin Tsari

Kwatancin tsari shi ne a zana wani abu a taƙaice, a fito da sassansa da alaƙar da ke tsakaninsu, a takarda ko a kwamfuta, domin a ga yadda zai kasance idan wani sashe ya sauya. Jay Forrester na Amurka, a littafinsa na 1961 a kan harkokin masana'antu, ya nuna cewa 'yar ƙaramar ƙaruwa a wajen mai saye takan zama babbar girgiza kafin ta isa masana'anta. Dalilai kuwa biyu ne: jinkirin isowar kaya, da tsoron yankewarsu.

Alal misali, a ƙaddara mai kanti a unguwa yana sayar da buhu 10 na sukari a mako. Da azumi ya gabato sai ya sayar da 12, don haka ya sari 15 gudun kada ya yanke masa. Ɗan sarin Singa da ya ga masu kanti sun yi haka, sai ya nemi ninkin abin da ya saba wajen dila, shi kuma dila ya ƙara yawan tirelolin da ya nema. To amma matatun sukari na Dangote da BUA da ke Apapa a Legas suna nesa da Kano da kimanin kilomita 1,000. Kafin kaya su iso farashi ya hau. Suna iya isowa kuma bayan an sha ruwan ƙarshe, sito ya cika, farashi ya karye, jari ya kwanta. Babu wanda ya yi wauta a cikinsu, tsarin ne ya haifar da asarar, kuma wanda ke zaune a shago ɗaya ba ya iya hango shi duka.

3.0 Tattalin Sani

Sani iri biyu ne: na takarda da na ƙirji. Michael Polanyi ya bayyana a 1966 cewa abin da mutum ya sani ya fi abin da yake iya faɗa yawa. Tsohon ɗan kasuwa ya san wanda za a bai wa kaya bashi da baki kawai, da wanda ba a barinsa ya fita da katan ɗaya sai ya biya. Ya san cewa azumi yana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara, saboda haka cinikin azumin bazara dabam yake da na damina. Yaron shago yakan kwashi wannan sani ne da zama da ubangidansa shekara da shekaru kafin a sallame shi.

Wannan ba sabon abu ba ne a fataucin Hausawa. Abner Cohen, a bincikensa na 1969 a kan Hausawan Sabo a Ibadan, ya nuna cewa cinikin shanu da goro ya ginu ne bisa bashi da amana, kuma maigida ne ma'ajin labarin kowane mai saye. Rauninsa guda ne: idan mai shi ya rasu yakan tafi da shi. Na takarda ma bai tsira ba, domin gobara irin wadda ta ci Kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016 ba ta bambance kaya da littafin bashi. Tattalin sani shi ne a tattara irin wannan, a adana shi, a kuma isar da shi ga mai buƙata.

4.0 Gwama Biyun

Ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya isa hujja. Kwatancin da ya ɗauka cewa kaya ba sa motsi sai da tsabar kuɗi zai ce ciniki ya tsaya cik. Amma wanda aka yarda da shi yana iya ɗaukar kaya bashi ko ya tura kuɗi ta waya, wahalar ta fi sauka a kan ɗan dako da mai tura kura, masu karɓar ladansu a hannu. Haka kuma rufe iyakokin ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da cire tallafin fetur a Mayu 2023, sun sauya hanya da kuɗin dako ta yadda ɗan kasuwa ya riga mai lissafi ji a jikinsa.

Bisa ga wannan, mai nazari zai bi matakai uku. Da farko ya zauna da dattawan kasuwa da dillalai da direbobi ya saurara. Na biyu ya zana kwatancin da kalmominsu. Na uku ya mayar musu da shi su gyara, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

5.0 Kammalawa

An ga cewa kwatanci yana nuna wa ɗan kasuwa abin da ke bayan shagonsa, shi kuma yana nuna wa kwatancin abin da alƙaluma ba su ɗauke da shi. A nan ɗalibin Hausa yake da rawar takawa, domin wannan sani da Hausa ake faɗarsa, kuma da dabarun tattara adabin baka ake iya kamo shi tun masu shi suna raye.