Tazara huɗu ko Tab? Abin da ya faru da furojet ɗinmu

Mu huɗu ne a furojet ɗin ND II, muna rubuta manhajar lissafa sakamakon jarrabawa da Python. Saura kwana biyu mu kare aikin gaban malamai, na haɗa ɓangarena da na abokina, sai kwamfuta ta ce TabError. Ni ina matsar da layi da tazara huɗu, shi kuma maɓallin Tab yake dannawa. A ido duk ɗaya ne, amma Python 3 ba ta yarda a cakuɗa su barkatai ba, domin da wannan matsawar take gane inda sharaɗi ya fara da inda ya ƙare.

Wannan ma da sauƙi, tunda ta yi ƙara. Don ya gyara, abokina ya mayar da fayil ɗin gaba ɗaya salonsa, sai Git ya nuna kusan kowane layi ya canza. Wa zai tsaya karanta duk wannan da tsakar dare? A cikin tarin akwai layi ɗaya da ya mayar da makin ci daga 40 zuwa 45 bisa kuskure. Malaminmu ne ya gano, a gaban kowa. Wallahi na yi zufa.

To wane salo ne daidai? Babu. Tun 2001 masu Python ke da jagorar PEP 8, wadda Guido van Rossum na cikin marubutanta: tazara huɗu, layi kada ya wuce haruffa 79. Masu Linux kuwa Tab suke amfani da shi, mai faɗin takwas, kuma aikinsu na tafiya. Abin da suka yi tarayya a kai shi ne kowane gida salo ɗaya yake bi.

Yanzu ranar farko muke yanke shawara, mu bar wa Black aikin. Manhaja ce da ke tsara kod ɗin Python da kanta, ta tsayar da layi a haruffa 88. Ba duk zaɓinta nake so ba fa. Tana karya mini layin da nake ganin ya yi kyau. Na haƙura. Suna da zan sa wa kowane abu, da yadda zan raba aikin kashi-kashi, har yanzu a hannuna suke, kuma a kansu muke gardama yanzu.