Sulusi da Rubu'i, Wanne Ya Fi? Darasin Kara da Marafan Kwalba

Wannan maƙala za ta duba wata matsala da ke tsakanin harshe da lissafi, wato yadda yaran firamare suke kwatanta kashi da kashi, da irin taimakon da abin da suka riƙe a hannu yake yi musu.

Hausa tana da hanya biyu ta faɗar kashi. Ta farko ita ce kalmomin aro daga Larabci: sulusi, rubu'i, humusi, sudusi, subu'i, sumuni, tusu'i da ushuri. Ta biyu ita ce ta aji, kamar ɗaya bisa uku ko kashi ɗaya cikin huɗu. Kowace da nata tarkon. Yaron da bai yi nisa a Islamiyya ba, ba ya jin uku a cikin sulusi. Wanda kuwa aka ce masa ɗaya bisa uku da ɗaya bisa huɗu, sai ya zaɓi na biyu a matsayin babba, domin tun aji ɗaya ya san huɗu ta fi uku. A Maiduguri abin ya fi haka tsanani, saboda yara da yawa Kanuri ko Larabcin Shuwa ko Babur suke ji a gida, Hausa a unguwa, littafin kuma da Turanci. Mu da muka koyi Hausa a waje mun san nauyin wannan.

A nan kara yake shigowa. Malam ya samo karan dawa biyu masu tsawo ɗaya, ya sa yara su yanka ɗaya gida uku daidai, ɗayan gida huɗu, sannan su jera guntu da guntu. Ido ne zai yanke hukunci: yawan masu rabo shi ke rage rabon. Amma a lura da kalmar daidai. A bakin mutane akan ji "ba ni babban rabin", alhali a lissafi rabi ba shi da babba. Haka kuma dole asalin ya zama ɗaya, don rabin mudu da rabin buhu a Kasuwar Monday duk rabi ne, amma ba wanda zai yi musaya.

Marafan kwalba sun fi kara, a ganina, domin ana ƙirga su. A ba kowane yaro guda 12. Rabi 6 ne, sulusi 4, rubu'i 3, sudusi 2. Daga nan sai tambaya mai wuya: biyu bisa uku da uku bisa huɗu, wanne ya fi? Yaro ya kasa marafansa gida uku ya ɗebi biyu, ya sami 8. Ya sake kasawa gida huɗu ya ɗebi uku, ya sami 9. Bai haddace ƙa'ida ba, ga amsa a tafinsa. Kakanninmu sun yi irin wannan da kuɗi kafin zuwan naira a 1973: sule kwabo 12 ne, sisi rabinsa, taro rubu'insa.

Wani zai ce wannan wasan yara ne. To, a rabon gado matar mamaci tana da rubu'i idan bai bar ɗa ba, sumuni idan ya bari. Da marafai 24, rubu'i 6 ne, sumuni 3, wato ya ragu da rabi, ko da yake takwas ta fi huɗu. Manomi ma yana fitar da ushuri a zakkar noman damina, rabin ushuri a abin da ya sha wahalar ban ruwa. Ɗalibin Hausa da za a tura koyarwa, ko a ba shi fassarar littafin lissafi, ya kamata ya riƙa haɗa kalmomin biyu a jimla ɗaya, ya ce sumuni, wato ɗaya bisa takwas, sannan ya sa yaro ya kasa marafan da hannunsa kafin a rubuta komai a allo.