Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

Darasi domin maigida da uwargida a kan shirya gida saboda ranar yaƙi da ranar masifa

Ya mai karatu, kakanninmu sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Matafiyi mai hankali ya kan fafe goransa, ya jiƙa shi har ɗacinsa ya fita, tun ba a sa ranar tashi ba. Haka shirin gida ya ke. Wanda ya bari sai ya ji ƙarar bindiga, ko ya ga ruwa a tsakar gida, sa'an nan ya fara tambaya ina yara, ina takardu, ina za mu nufa, wannan ya makara. Maganar darasin nan guda ce: abin da iyali za su yi ranar tashin hankali, a yanke shi yau, ana zaune lafiya.

1. Abin da ƙasarmu ta riga ta gani

Wahala iri biyu ce. Akwai wadda ta ke tsare mutum a gidansa, akwai wadda ta ke fitar da shi.

Ga misalin ta fari. A 1984 fari ya haɗu da rufe iyakar Nijeriya, aka yi yunwar da mutane suka sa wa suna El-Buhari. A 2004 damina ta gaza, fara ta sauka, a 2005 kuwa kuɗin buhun hatsi ya ninka fiye da biyu a kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Tawa. Da yawa da suka sayar da hatsi da kaka suka koma sayensa da tsada. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ƙungiyar CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi. Aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarki da ke zuwa daga Nijeriya, kuɗi suka yi wuyar fita daga banki, shinkafa da magani suka yi tsada. Sai a 24 ga Fabrairu 2024 aka ɗage takunkumin.

Ga misalin ta biyu. A watan Mayu 2015, bayan harin Boko Haram, aka umarci mazauna tsibiran tafkin Chadi su fita. Dubbai suka yi tafiyar ƙasa cikin zafin bazara, waɗansu suka mutu da ƙishirwa a hanya. A 3 ga Yuni 2016 aka kai wa Boso hari, mutum kamar 50,000 suka gudu. A 2019 fiye da mutum 40,000 daga Sakkwato da Zamfara da Katsina suka tsere wa 'yan bindiga, suka shigo jahar Maraɗi, yawancinsu mata da yara. A daminar 2024 ambaliya ta kashe fiye da mutum 300 a ƙasar nan, ta taɓa fiye da miliyan ɗaya, har tsohon masallacin Damagaram ya rushe.

In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Domin haka kowane gida yana bukatar shirin zama da shirin tashi.

2. Ko shiri rashin dogara ga Allah ne?

Wani zai ce, abin da Allah ya ƙaddara ba makawa, me ya sa zan wahal da kaina? Amma mu tuna da Yusufu a ƙasar Masar. Sa'ad da Allah ya nuna shekara 7 na ƙoshi da 7 na yunwa, Yusufu ya ba da shawara a riƙa ware kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gona. Da wannan ajiya aka ceci Masar, har da gidan mahaifinsa. Manomin da ya dogara ga Allah ya kan yi shuka, ya kan kuma ɗinke rumbunsa. Iyalinka amana ce a hannunka. Wanda ya shirya ma ya fi samun kwanciyar rai, gama ya san abin da zai yi.

3. Shirin zama

Abinci. Uwargida ta san tiya nawa a ke ci a yini, sai a fara lissafi daga bakinta. Buhu mai kilo 100 yana ɗaukar tiya kamar 40. Gidan da ke cin tiya 2 a yini zai cinye buhu cikin kwana 20, wata 3 kuwa buhu 4 da rabi. Da kaka, tun ba a kai kome kasuwa ba, a ware wannan ajiya. Kada a taɓa ta domin biki ko suna ko sabuwar riga. Wanda ba ya da gona ya riƙa sayen tiya ɗaya ko biyu duk ranar kasuwa sa'ad da hatsi ke da araha.

Hatsi a zangarniyarsa cikin rumbu ya fi daɗewa bisa ga wanda aka sussuke. Wake kuwa ƙwari ne maƙiyinsa. A busar da shi sosai, a zuba a buhun PICS mai riɓi uku, a ɗaure kowane riɓi dabam domin kada iska ta shiga. Ta haka ƙwarin za su mutu ba tare da an sa guba ba. A ajiye gishiri, da mai, da kuka, da busasshiyar kuɓewa, da ƙuli-ƙuli, da garin rogo, da ashana. A riƙa cin tsohon ajiya ana mayar da sabo.

Ruwa. Mutum zai jimre yunwa kwanaki da yawa, amma ƙishirwa ba ta jira. Kowane mutum yana bukatar lita kamar 3 a yini domin sha kaɗai. Gida mai mutum 8 zai shanye jarka ɗaya mai lita 25 kowace rana. In an haɗa da dafuwa da wanki, masu aikin agaji su kan lissafta lita 15 ga mutum. A ajiye ruwan kwana 3 aƙalla a rufe, a riƙa sake shi. Ruwan da ba a amince da shi ba, a tace, a tafasa shi sosai na minti ɗaya, ko a sa ƙwayar Aquatabs bisa ga yadda aka rubuta a jikinta, a jira minti 30.

Magani. A lokacin gudu da ambaliya zawo yana kashe yara da yawa. A nemi ƙunshin gishirin zawo a likita a ajiye. In babu, a haɗa lita 1 ta ruwa mai tsabta da ƙaramin cokalin shayi 6 na sukari da rabin cokali na gishiri, a riƙa ba yaro kaɗan kaɗan, a kuma kai shi likita. Kada a ƙara gishiri. Abin da ya kwana ya yini, a zubar a haɗa sabo. Mai hawan jini, da mai ciwon sukari, da mai farfaɗiya, kada su bari maganinsu ya kai ƙarshe kafin su nemi wani. A ajiye sabulu, da sange, da ƙyalle mai tsabta na ɗaure rauni.

Wuta da kuɗi. A sami tocila, da rediyo mai batir, da ƙaramin faifai mai cajin salula da hasken rana. Kada dukan kuɗin gida su zauna wuri ɗaya. A ajiye kaɗan a hannu, ƙananan takardu da tsaba, a raba tsakanin maigida da uwargida.

4. Shirin tashi

Mai gudu ba ya ɗaukar rumbu. A haɗa jaka guda wadda mace za ta iya ɗauka da goyo a bayanta, a rataye ta inda kowane babba ya sani, har ya iya ɗaukarta cikin duhu. Ga abin da za a sa a ciki: ruwa, abincin da ba ya bukatar wuta, magani, tocila, ashana, wuƙa, bargo ko zane mai kauri, kuɗi, da takardu. Takalman kowa su kwana bakin ƙofa.

Takardun su ne takardar haihuwa, da kartar ɗan ƙasa, da karnen rigakafin yara, da takardun makaranta, da na gona da na gida. A naɗe su cikin leda biyu. A ɗauki hotonsu da salula a aika wa ɗan'uwa amintacce a wani gari. Wanda ba ya da takarda ya kan sha wuya a shingen jami'an tsaro da wurin rubuta sunayen masu karɓar taimako. In yaronka ba ya da takardar haihuwa, je ma'aikatar magajin gari ka tambayi hanyar samunta tun yanzu. Gonar da ba ta da takarda kuwa, akwai kwamitin filaye da a ke kira Kofo, wanda dokar karkara ta 1993 ta kafa. Gama mutum ya kan dawo daga gudun hijira ya tarar wani yana noma gonarsa.

A yi shawara kuma a kan dabbobi. In alamun hatsari sun yi yawa, gara a kai su wurin dangi da wuri, ko a rage su tun suna da daraja. Kada kowa ya koma baya saboda akuya.

5. Shirya mutanen gida

Wannan ya fi dukan sauran. Kayan da aka rasa a kan sami wani, amma yaron da ya ɓace cikin taro, baƙin cikinsa ba ya ƙarewa.

Na ɗaya, kowane yaro mai magana ya iya faɗin sunansa, da na mahaifinsa, da na mahaifiyarsa, da sunan garinsu. Manyan yara su hardace lambar salula ɗaya. Ƙanana kuwa a rubuta waɗannan a ƙyalle a ɗinke cikin rigarsu.

Na biyu, a zaɓi wurin haɗuwa biyu. Ɗaya kusa, kamar wani sanannen itace a bayan gari, ko tudu in ambaliya ce. Ɗaya nesa, wato gidan dangi a wani gari, a kuma gaya wa dangin tun yanzu. A san hanya biyu zuwa can, domin in an tare ɗaya.

Na uku, a raba aiki da suna. Wa zai ɗauki jaka? Wa zai riƙe wane yaro? Wa zai kama hannun tsohuwa, ko makaho, ko mai ciki? Sau da yawa abin ya kan zo maigida yana kasuwa ko ya tafi cin rani. Saboda haka, maigida, kada ka ɓoye wa matarka inda kuɗi da takardu su ke. Ka ba ta izini tun yau ta tashi da yara ba sai ta jira ka ba.

A yi wa yara bayani da murya mai sanyi, kada a tsorata su. A gwada sau ɗaya ko biyu kamar wasa. In kuwa an rabu duk da haka, a kai suna wurin ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge, gama tana da aikin neman waɗanda suka ɓace da haɗa su da danginsu.

6. Sa'ad da ranar ta zo

In ka ji harbi, kada ka fita kallo. Kowa ya kwanta ƙasa nesa da ƙofa da taga, a kashe fitila, a yi shiru har harbin ya lafa. In masu bindiga sun nemi dukiya, kada ka yi gardama da su. Rai ya fi shanu. In hukuma ta sa dokar hana fita ko ta hana hawan babur, kamar yadda aka yi a jahar Difa a 2015, a kiyaye.

Bayan faɗa, kada kowa ya taɓa baƙon ƙarfe, ko waya, ko ƙunshin da aka yar a hanya. A hana yara tsintar irin waɗannan, a sanar da maigari ko jandarma. Lambar 'yan sanda 17 ce, ta masu kashe gobara 18.

In ruwa ne, kada a kwana ƙarƙashin bangon laka da ya jiƙe, kada kuma a ƙetare gulbi ko ƙorama tana gudu, ko da an saba da wurin. A gyara magudanar ruwa tun kafin damina.

Jita-jita ma masifa ce. Kafin ka tura saƙon murya na WhatsApp, ka tambaya: wa ya gani da idonsa, yaushe, a ina? Labarin ƙarya ya kan sa gari ya watse a banza, ya kan kuma sa a fāɗa wa marar laifi saboda yarensa ko kamanninsa.

7. Maƙwabcinka

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sa'ad da 'yan gudun hijira suka shigo ƙauyukan Gidan Rumji a 2019, talakawan ƙauyuka ne suka fara buɗe masu gidaje, suka raba abinci da su. Mai masauki yau, wataƙila shi ne baƙo gobe. In kana lissafin ajiya, ka sa rabon baƙo. Ku zauna da maƙwabta, kowane irin mutum, ku san gidan gwauruwa da na tsoho marar mataimaki, ku sa wanda zai buga masu ƙofa. Shirin zaune ya fi na tsaye.

Tambayoyi domin nazari

1. Waɗanne iri biyu na wahala darasin nan ya ambata? Wace ce ta fi kusa da garinku?
2. Tiya nawa gidanku ke ci a yini? Buhu nawa zai kai ku wata 3?
3. Yaya a ke haɗa ruwan gishiri da sukari?
4. Su wa ke cikin gidanku waɗanda ba su iya gudu da ƙafarsu? Wa zai ɗauke su?

Aikin wannan mako

Bayan tuwon dare, maigida ya tara iyalinsa duka. Ku zaɓi wuraren haɗuwa biyu, ku tattara takardu cikin leda, ku ji kowane yaro ya faɗi sunansa da na iyayensa da na garinsu. Wannan ba ya cin ko dala. Allah ya ba mu zaman lafiya, ya kiyaye gidajenmu da ƙasarmu. Amin.