Shin Zogale da Ganyayyaki Na Kare Ƙwayoyin Halitta Daga Lalacewa?

TAMBAYA: Ni mai sana'ar ƙuli-ƙuli ce da man gyaɗa. Wani mai tallar magani a kasuwar Jibiya yana sayar da ƙwayoyin garin zogale, wai suna kare ƙwayoyin halitta na gado har su hana cutar daji. Ciwon hanta ne ajalin mahaifinmu, shi ya sa hankalina bai kwanta ba. In saya wa yara? Daga wata mai karatu a Riko, Ƙaramar Hukumar Jibiya.

AMSA: Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta. Akwai ƙamshin gaskiya a zancen mai tallar, sai dai ya zuzuta.

Abin da likitoci ke kira DNA, wato ƙwayoyin halitta na gado da kika ambata, tamkar kundi ne a cikin ƙwayoyin jiki, wanda ke ɗauke da umarnin yadda za su yi aiki da lokacin da za su daina hayayyafa. Kullum sai rubutun ya sami tabo, sau dubbai a kowace ƙwaya, jiki kuma yana gyarawa da kansa. Gano yadda gyaran ke gudana ne ya sa aka bai wa masana uku, ciki har da Aziz Sancar ɗan Turkiyya, kyautar Nobel a 2015. Tabon da ya kuɓuce wa gyara, ya faɗa kan sashen da ke tsawatar wa hayayyafa, shi ke buɗe wa cutar daji ƙofa.

A wajenmu, ɗaya daga cikin manyan masu yin wannan ɓarna yana cikin buhun da kike ɗaukowa daga kasuwa. Fumfunar da ke kama gyaɗa da masara idan suka sha danshi tana fitar da guba mai suna afalatoksin. An gano ta ne bayan talotalo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960, sakamakon cin tunkuzar gyaɗa da aka kawo daga Barazil. Idan gubar ta isa hanta, sai ta manne wa DNA ta sauya rubutun. In mutum yana ɗauke da ƙwayar ciwon hanta nau'in B kuwa, haɗarin dajin hanta yakan ninka sau da yawa.

To, ina ganye ya shigo? A yankin Qidong na ƙasar Sin, inda dajin hanta ya yi ƙamari, masana daga Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun gwada mutum 180. An bai wa rabinsu wani sinadari da aka sarrafa daga abin da ke sa ganye kore, sau uku a rana, har wata huɗu. Sakamakon da aka fitar a 2001 ya nuna alamar lalacewar DNA a fitsarinsu ta ragu da kashi 55 cikin 100. Sinadarin yana riƙe gubar tun a hanji, sai wadda ke shiga jini ta ragu. Ki lura, alamar ɓarna aka auna, ba yawan waɗanda suka kamu da daji ba, kuma ba zogale aka gwada ba. Yawancin binciken da ake yi wa zogale, kuka da zoɓo a kan ɓeraye ne da ɗakin gwaji.

Ga kuma abin da masu talla ba sa faɗa. A Finlan an bai wa dubban maza masu shan taba ƙwayoyin sinadarin da ke sa karas launinsa, da zaton zai kare su. Da aka fitar da sakamako a 1994, dajin huhu ya ƙaru ne da kashi 18 cikin 100 a tsakaninsu. Abin da ke amfani a cikin miya ba dole ne ya amfanar ba in an dunƙula shi a ƙwaya. A ganina, kwaɗon zogale ko na rama, da miyar alayyahu, sun fi ƙwayoyin mai tallar amfani da araha.

Sai dai kwaɗon da ƙuli-ƙuli ake haɗa shi, nan kuma aikinki ne. Suya ba ta kashe gubar nan, kuma in an matse mai, mafi yawanta a tunkuza take zama. Gyaɗar da ta ƙanƙance, da mai baƙin tabo, da wadda ƙwaro ya huda, da mai ɗaci, su ne matattararta, su ne kuma ake karya wa farashi. A ƙauyukan Gini an koya wa manoma tsince gyaɗa da hannu, shanya ta a kan tabarma har ta bushe ƙayau, zuba ta a buhun algarara da ɗora buhunan kan katako. Rahoton 2005 ya nuna gubar da ke jininsu ba ta kai rabin ta ƙauyukan da ba su yi haka ba. Lalatacciyar gyaɗar da kika tsince kada ki ba wa akuya ko saniyar tatsa, domin gubar tana bi ta nono.

Tun da ciwon hanta ya taɓa gidanku, kuɗin ƙwayoyin nan ki kashe shi a gwajin ciwon hanta nau'in B, ke da 'yan'uwanki da yara. Wanda ba ya ɗauke da ƙwayar cutar ya karɓi rigakafi. Tun 2004 allurar tana cikin rigakafin jarirai a Najeriya, kuma ta farko an fi so a yi ta cikin awa 24 da haihuwa. Ki duba katin kowane yaro, Hajiya, wanda bai cika ba ki kai shi asibiti.